Jarrabawar lasisin ma'aikatan jin daɗin jama'a a Amurka: abin da take nema da yadda ake shirya mata

A Amurka, digiri na biyu a fannin aikin jin daɗin jama'a bai isa ya ba mutum ikon zama shi kaɗai da mai fama da matsalar ƙwaƙwalwa, ya tantance abin da ke damunsa, ya yi masa magani ta hanyar tattaunawa ba. Sai ya mallaki lasisin da yawancin jihohi ke kira LCSW. Masu riƙe da wannan lasisi suna daga cikin rukunin da suka fi yawa a masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasar, kuma suna aiki a asibitoci da makarantu da gidajen yari da cibiyoyin tsofaffin sojoji, wasu kuma su buɗe ofishin kansu. Ƙofar ƙarshe kafin samun lasisin ita ce jarrabawar da ƙungiyar hukumomin ba da lasisin wannan sana'a, wadda ake kira ASWB, ke shiryawa. An kafa ƙungiyar a 1979, kuma ta haɗa hukumomin dukkan jihohi 50 na Amurka da na larduna 10 na Kanada.

Ba a kaiwa ga jarrabawar sai an yi doguwar tafiya. Da farko sai digiri na biyu daga jami'ar da majalisar ilimin sana'ar, wato CSWE, ta amince da kwas ɗinta. Wanda ya yi karatunsa a wata ƙasa, kamar Najeriya, sai ya miƙa takardunsa ga sashen majalisar da ke auna digirin ƙetare domin a ga ko ya yi daidai da nasu. Bayan haka sai aiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararre mai lasisi. Kowace jiha da ƙa'idarta. A Kalifoniya ana buƙatar sa'o'i 3,000 cikin aƙalla makonni 104, tare da wata jarrabawa ta daban a kan dokokin jihar da ɗa'ar aiki. Hukumar jiha ce ke ba mutum izinin zama, daga nan ya yi rajista da ASWB.

A tsarin da aka fara aiki da shi a 2018, jarrabawar tana da tambayoyi 170 na zaɓin amsa, ana yin ta a kwamfuta cikin sa'o'i huɗu. Tambayoyi 150 ne ake ba maki. Sauran 20 na gwaji ne da ake aunawa domin jarrabawowin gaba, an cakuɗa su da sauran ta yadda ba mai iya gane su. Kashi 30 cikin ɗari na tambayoyin a kan bincike da tantance cuta da tsara magani suke, kashi 27 a kan hanyoyin maganin da bibiyar majinyaci, kashi 24 a kan girman ɗan Adam da halayyarsa a cikin al'umma, kashi 19 kuma a kan ɗa'ar aiki. Makin tsallakewa yana ɗan sauyawa gwargwadon wahalar takardar da ta faɗo wa mutum. Ƙungiyar takan sabunta tsarin lokaci zuwa lokaci, don haka aikin farko ga mai shiri shi ne karanta littafin jagorar da ta wallafa na shekarar da zai zauna.

Abin da ke kayar da mutane, har da waɗanda suka shekara goma suna aiki, ya fi ƙarfin hadda. Yawancin tambayoyin gajeren labari ne na wani majinyaci, sai a tambayi me ya kamata ma'aikaci ya yi da farko, ko me zai yi a gaba, ko wane mataki ne ya fi dacewa. Sau da yawa amsoshi biyu ko uku duk abubuwa ne masu kyau da ma'aikaci zai yi wata rana. Abin da ake aunawa shi ne wanne ke gaba da wanne.

Ga irin yadda abin yake. A ce magidanci ya rasa aikinsa, ya zo yana cewa ya gaji da rayuwa, iyalinsa za su fi samun sauƙi idan ba ya nan. Daga cikin zaɓin akwai haɗa shi da ofishin neman aiki, da kiran matarsa, da kwantar masa da hankali, da kuma tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ko ya tsara yadda zai yi, ko yana da abin da zai yi amfani da shi. Amsar ƙarshen nan ake nema, domin tsaron rai yana gaban komai. Ko a ce dattijuwa ta wayi gari cikin ruɗewa, ba ta gane 'ya'yanta, alhali jiya lafiyarta ƙalau. Kafin a yi maganar tattaunawa, sai likita ya duba ta, domin ciwon jiki ko illar wani magani na iya jawo hakan. Idan babu hatsari kuma babu alamar ciwon jiki, sai a fara da sauraro da tattara bayani kafin a ba da wata shawara. Wanda ya riƙe wannan jeri, wato tsaro, sannan lafiyar jiki, sannan bincike, sannan mataki, ya rage wa kansa wahala sosai.

A nan ne wanda ya taso a Najeriya zai yi taka-tsantsan, domin abin da zuciyarsa za ta fara raya masa na iya zama kuskure a idon masu jarrabawar. A wajenmu, idan mutum ya shiga matsala, dangi ake kira, a sa manya su shiga tsakani, kuma ba a ganin laifi miji ya tambayi abin da matarsa ta faɗa wa ma'aikacin asibiti. A ƙa'idar Amurka, idan miji ya bugo waya, ma'aikaci ba zai ko tabbatar masa cewa matar tana zuwa wurinsa ba, sai da izininta. Haka nan baligi mai cikakken hankali yana da ikon yanke wa kansa hukunci ko da ma'aikaci na ganin bai zaɓi daidai ba. Nasiha irin ta babban yaya ba ta samun maki. Tambayar mutum ido da ido ko yana son kashe kansa tana da nauyi a bakin Bahaushe, amma dole a koyi furta ta. Ba wai hanyarmu ba ta da amfani ba. Akwai rayuka da dama da dangi suka ceto. Jarrabawar dai tana auna ƙa'idar ƙasar da za a yi aikin ne.

Sirri ma yana da iyaka, kuma tambayoyi kan zo a kan iyakar. A 1969 wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya shaida wa mai ba shi shawara cewa zai kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff, kuma daga baya ya kashe ta. A 1976 Kotun Ƙoli ta jihar ta yanke cewa ƙwararre yana da nauyin kare mutumin da majinyacinsa ke yi wa barazana. Jihohi sun bambanta a yadda suka ɗauki wannan hukunci, amma asalinsa yana cikin abin da ake sa ran kowa ya sani. Haka batun cin zarafin yara: da zarar ma'aikaci ya sami zato mai tushe, doka ta wajabta masa kai rahoto ga hukumar kare yara. Bincike aikin hukumar ne, kuma jiran hujja ko kiran iyaye domin sulhu amsa ce da ke sa a rasa maki. Kundin ɗa'ar aiki na ƙungiyar ma'aikatan ta ƙasa, NASW, wanda aka yi wa gyara a 2021, ba shi da tsawo, kuma ya cancanci a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe fiye da sau ɗaya.

Akwai dai wurin da hadda ke aiki, wato littafin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, DSM-5-TR, wanda ya fito a 2022. Cututtuka da yawa alamominsu kusan ɗaya ne, tsawon lokaci ne ke raba su. Matsananciyar damuwa sai alamominta sun kai aƙalla makonni biyu. Firgicin da ke biyo bayan mummunan lamari yana da suna guda daga kwana uku zuwa wata ɗaya, idan ya wuce wata kuma ya koma wanda ake kira PTSD. Fargaba mai yawa a kan al'amuran yau da kullum sai ta kai wata shida. Jadawali ɗaya na waɗannan wa'adodi, wanda mutum ya rubuta da hannunsa, yana da amfani ƙwarai.

Sai lokaci. A tsarin 2018, minti 240 a kan tambayoyi 170 yana nufin kusan daƙiƙa 85 ga kowace tambaya. Ba a rage maki saboda kuskure, don haka ba a barin tambaya babu amsa. Ya kamata a gwada zama na cikakken lokaci aƙalla sau ɗaya kafin ranar, a kuma tsaya a kan kowace tambayar da aka faɗi har sai an gane dalili. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara wa labarin abin da ba a rubuta ba, mutum ya tuna wani majinyaci da ya taɓa gani, ya amsa a kansa. Wasu jihohi suna ba da ƙarin lokaci ga wanda Ingilishi ba harshensa na farko ba ne, amma sai an nema tun kafin rajista. Wanda bai yi nasara ba yakan jira kwana 90 kafin ya sake zama, ya kuma sake biyan kuɗi.

Jarrabawar kanta tana shan suka. A watan Agustan 2022 ASWB ta fitar da alƙaluman da suka nuna cewa daga 2018 zuwa 2021, kusan kashi 84 cikin ɗari na fararen fata sun tsallake a zaman farko, yayin da baƙaƙen fata kashi 45 ne kawai. Masu yawan shekaru da waɗanda Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne su ma sun fi faɗuwa. Masu suka na cewa gibin na nuna son kai a cikin tambayoyin, ƙungiyar kuma ta danganta shi da rashin daidaiton da ya daɗe a ilimi da tattalin arziki. Jihar Illinois ta riga ta buɗe wata hanya: wanda ya zauna bai ci ba yana iya ƙara sa'o'i 3,000 na aiki ƙarƙashin kulawa a madadin sake zama.

A Najeriya, sai a ƙarshen 2022 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar kafa majalisar kula da aikin jin daɗin jama'a, wadda aka ɗora wa yin rajistar ma'aikata da tsara ƙa'idojin sana'ar. A watan Janairun 2023 kuma aka sanar da sanya hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga zamanin mulkin mallaka.