Idan silon mota ya ƙi sauka: abin dubawa kafin a taɓa aljihu

Mota tana tsaye, ƙafar direba ba ta kan totur, amma injin yana ta ruri kamar zai tashi sama. Wannan shi ne abin da kanikawa ke cewa silo ya hau. Direbobi da yawa sukan share, su ce ai mota tana tafiya lafiya. To amma fa tana shan man da bai kamata ta sha ba, musamman tasi da ke wuni cikin cunkoson Akara ko Kumasi. Idan kuma mai giyar otomatik ce, da ka sa giya sai ta fizga, ta riƙa jan kanta gaba kana danne ta da burki. A lungunan zango da yara ke gilmawa, wannan ba abin wasa ba ne.

Da farko sai a san mene ne daidai. Dubi agogon da ke nuna juyin injin. Da safe, injin yana da sanyi, allura takan tsaya tsakanin 1,200 zuwa 1,500 a minti, kuma da gangan kwamfutar mota ke yin haka don injin ya yi saurin ɗumama. Bayan 'yan mintoci ya kamata ta sauko wajen 600 zuwa 800. Kunna na'urar sanyaya mota yakan ɗaga ta kaɗan, wannan ma ba ciwo ba ne. Amma in injin ya ɗau zafi, an kashe komai, allura tana nan sama da 1,000, to akwai magana.

Ka'idar ɗaya ce tal: injin fetur ba ya ƙara gudu sai ya sami ƙarin iska. Yana haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Saboda haka tambayar ita ce, ta ina iskar ke shiga? Ko dai ƙofar totur ba ta rufe sosai ba, ko iska tana satar hanya ta wani tsagi, ko kuwa kwamfutar ce da kanta ke buɗe mata hanya don an ba ta labarin ƙarya.

A fara da abin da ba ya cin ko sisi. Duba shimfiɗar ƙasan direba, wani lokaci ita ke tokare totur. A tsofaffin motoci masu wayar totur, kamar Toyota Corolla ƙirar 2003, a buɗe bonet a taɓa wayar. Dole ta kasance da ɗan sassauci. In ta ɗaure tamau, ko ta yi tsatsa ba ta komawa, an gano ɓarawon.

Na biyu, iskar sata. Tiyon roba yana bushewa da zafi har ya tsage, kuma motocin da ake saukewa a tashar Tema galibi sun riga sun sha shekaru a Amurka ko Turai. Ka bar injin yana silo, ka kasa kunne ko za ka ji tsit-tsit kamar taya tana sace iska. Bi tiyoyin ɗaya bayan ɗaya, musamman wanda ya fito daga murfin saman injin da kuma mai kaurin nan da ke zuwa tukunyar burki. Matse kowanne a hankali da filaya. Wanda ka matse silo ya sauka, ta hanyarsa iskar ke shiga. Haka nan gaskit ɗin da ke tsakanin bututun shigar iska da kan injin yakan saki, kuma an san injin 1ZZ-FE na Corolla da wannan hali. Wasu kanikawa kan fesa fetur ko maganin wanke kafireta don su ji ko sautin zai canza. Dabarar tana aiki, amma a kan injin mai zafi gobara ake gayyata. Ruwan sabulu ya fi aminci.

Na uku shi ne wanda muka fi jawo wa kanmu. Al'ada ce a garejinmu a cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu da zafi, ba a buƙatarsa. Alhali aikinsa shi ne ya tare ruwa kada ya tafi lagireto sai ya kai wajen digiri 82, don injin ya isa zafin aikinsa na kusan digiri 90. In babu shi, injin yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da asuba ko lokacin hunturu, sai kwamfuta ta ci gaba da riƙe silo a sama tana ƙara mai. Haka ma in sensar da ke auna zafin ruwa ta mutu ko wayarta ta tsinke. Alamar farko: ka yi tafiyar minti 20, allurar zafi tana nan kwance a ƙasa.

Na huɗu, bakin totur da bawul ɗin silo. Ƙura da tururin baƙin mai sukan daskare a wurin har bawul ɗin ya maƙale a buɗe. Wanki kawai yake so. Sai dai a lura: motoci masu totur na lantarki sukan saba da dattin, bayan an wanke kuma silo ya haura, domin kwamfuta tana nan kan tsohon lissafinta. Ba a ɓata komai ba, sake koya mata ake yi. Wasu motocin kan daidaita da kansu bayan 'yar tafiya, wasu kuma, irin su Nissan da dama, sai an bi matakai na musamman ko an sa na'ura.

Na'urar ma ba ta da wuyar samu yanzu. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket na OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Lamba P0507 tana nufin silo ya wuce yadda kwamfuta ke so. In ta zo tare da P0171, wato iska ta fi mai yawa, to a koma kan tiyoyi da gaskit. Amma a sani, lamba tana nuna inda ciwo yake ne, ba ta ce a sayi sabon abu ba.

Nan ne kuɗi ke salwanta. Wani zai ce maka, “Maigida, birenbos ɗinka ne ya tafi, sai a je Abossey Okai ko Suame a samo wani.” Kwamfutar mota ba ta cika lalacewa ba, ita ce ta ƙarshe a jerin abin zargi. Wani kuma zai ɗauki sukudireba ya juya ɗan kusar da ke tare ƙofar totur har silo ya sauka. Wannan dabarar zamanin kafireta ce. A motar injekta daga kamfani aka saita kusar, juya ta rufe kura da fatar akuya ne kawai.

Don haka kafin ka amince da sayen komai, tambayi bakanike cikin mutunci: “Malam, ka duba tiyoyi? Tamostat yana ciki? Me na'ura ta nuna?” Gwani ba ya jin haushin irin wannan tambaya, zai ma kama hannunka ya nuna maka tsagin. Wanda ya fara kame-kame kuwa, gara ka ja motarka zuwa gareji na gaba, kana tafe a hankali da ƙafa kusa da burki.