Libarba a Aljihu: Abin da Doka ta Ce wa Fatake

Falke ya sayar da shanu a Agege, ko albasa a Mile 12, ya ɗaure kuɗi a ƙugu zai kama hanyar gida, ga kuma labarin 'yan fashi kullum. Shi ya sa in an zauna hira a Sabo ta Badun ko ta Shagamu, ba a rasa mai cewa gara mutum ya nemi 'yar libarba wadda riga za ta rufe.

To, a nan gizo ke saƙar. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindiga kashi uku. Ta farauta, irin mai baki biyu, Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinta. Bindigar toka kuwa, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Amma libarba, duk ƙanƙantarta, an sa ta layi ɗaya da bindiga mai ruwa da gurneti, watau sai da izinin Shugaban Ƙasa kansa. Ina falke zai gan shi?

Wanda aka kama da ita ba lasisi, dokar soja ta 1984 ta yanka masa tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyu. Ƙirar Turai ce ko ta maƙera, duk ɗaya ne wurin alƙali. Balle baƙo, wanda ba ya jin harshen gari, in aka zaro ta daga aljihunsa a shingen 'yan sanda, kafin ya buɗe baki an riga an kira shi ɗan fashi.