Ba a fafe gora ranar tafiya: mu duba mota da gida tun hunturu bai sauka ba

Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, wake da gyaɗa da riɗi da aya sun fara kwarara kasuwa. Duk ɗan kasuwar da ke kai da kawowa tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ko Gaya da Kamba, ya san cewa daga yanzu har zuwa watanni uku ko huɗu masu zuwa ne ake samun abin da za a ci a sauran shekara. Sai dai kuma a daidai wannan lokaci ne hunturu ke sauka da ƙurarsa da sanyinsa da bushewarsa, kuma waɗannan abubuwa uku babu wanda ya bar mota, babu wanda ya bar gida ko shago.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne abin da ya same mu bara a watan Disamba. Mun biyo wata motar wake da za ta ci kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Tun dare aka yi lodi, asuba na yi direba ya murɗa makulli, sai ƙyas-ƙyas kawai ake ji, inji ya ƙi tashi. Motar da aka danƙare da buhuna ba ta turuwa cikin rairayi, don haka muka zauna muna kaɗuwar sanyi har hantsi kafin makanike ya zo. Da ya buɗe bonet, bai yi komai ba illa kankare wani farin gari da ya taru a kan batir, ya ɗaure kusoshin da suka saki. Aikin bai kai minti goma ba. Amma kafin mu isa, manyan masu saye sun cika motocinsu sun tashi. Masu wake suka rasa na yi: ko su karyar, ko su biya kuɗin ajiya har wani mako. Aikin minti goma ya ci kasuwar mako guda.

Me hunturu ke yi wa ƙarfe da katako?

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, daga cikin Sahara, tun wajen watan Nuwamba har zuwa Maris, kuma ta fi tsanani a Disamba da Janairu. Kaso mai yawa na ƙurar da muke shaƙa yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda busasshen gindin tsohon babban tafki ne. Wannan ƙura ta fi garin tuwo laushi, shi ya sa take shiga inda rairayi ba ya shiga. Da dare da asuba sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, da rana kuma zafi ya haura 30. Ga iska babu laima ko kaɗan. Abin da ke fasa leɓe da kaushin ƙafa, shi ne ke fasa roba, ya motsar da katako, ya mayar da zana da ciyawa makamashi.

Batir: zafi ke kashe shi, sanyi ke tona asirinsa

Da yawa cikinmu na ɗora wa sanyi laifin mutuwar batir, alhali zafin bazara ne ya riga ya cinye shi. Sanyi dai yana rage masa ƙarfi, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri, sai inji ya buƙaci ƙarfin da batir ba shi da shi. Don haka a buɗe bonet tun yanzu. Idan an ga farin gari ko kore-kore a kan sandunan batir, a kashe inji, a fara kwance wayar da ke da alamar ragewa, sannan mai alamar tarawa. A jiƙa ƴar kanwa a ruwan ɗumi, a goge wurin da tsohon buroshin haƙori, domin kanwa na kashe kaifin asid. A kiyaye kada ruwan ya shiga cikin batir. A bushe, a mayar da mai alamar tarawa tukuna, mai alamar ragewa a ƙarshe, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris. Idan batir mai murafu ne kuma ruwansa ya ja baya, tataccen ruwan da ake sayarwa domin batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba.

Mai gyaran wuta na iya aunawa cikin minti biyu. Lafiyayyen batir mai bolt 12 da ya kwana a ajiye kan nuna wajen 12.6; idan inji na aiki kuma, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, wanda ke nuna caji na tafiya daidai. Masu motar gazuwal kuma su jira fitilar ɗumama inji ta mutu kafin su tayar da safe.

Hancin mota

Matatar iska, wadda makanikai ke kira filta, ita ce hancin mota. Idan ta toshe, mota kan yi nauyi, ta rasa ƙarfi a hawa, mai gazuwal kuma ta yi ta baƙin hayaƙi. Buɗe gidanta ba ya buƙatar makanike. A ciro ta, a bubbuga a hankali, idan za a hura mata iska a huro daga ciki zuwa waje, sannan a ɗaga ta a rana. Idan haske ba ya ratsawa, ko an ga ta yage, sai sabuwa. Matatar takarda ba a wanke ta da ruwa ko esansi. Babban kuskure kuma shi ne wanda wasu direbobi ke yi, su cire ta ɗungurum wai don mota ta sha iska. Ƙurar da ta wuce ciki tana haɗuwa da mai ta riƙa goge inji kamar sanfefa, kuma kuɗin sauke inji ya ninka kuɗin filta sau da yawa. Mai bin hanyar burji a lokacin hunturu ya riƙa duba ta duk mako.

Haka batun baƙin mai. A duba sandar awo da safe, mota na tsaye a wuri mai daidai. Motar da ke ɗaukar kaya cikin ƙura, gara a juye mata mai da matatarsa a wajen kilomita 5,000, kada a jira ya koma kamar kwalta. Lagireto ma damina ta bar masa ƙwari da ƴaƴan ciyawa a fuska. A wanke su, a duba ruwansa inji na sanyi. Kada a kuskura a buɗe murfinsa da zafi, don tafasasshen ruwa ne zai yi tsiri a fuskar mutum. A shafa fanbel da bututun roba: wanda ya fara tsattsagewa, hunturu zai ƙarasa shi.

Taya da gani

Iskar taya na raguwa idan aka yi sanyi, don haka da safe ake aunawa kafin a yi tafiya, har da safaya. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. Kada a sace iskar taya da rana don an ga ta hau. Idan ta huce za ta koma ƙasa da ƙima, kuma taya mai ƙarancin iska da kaya a kanta ita ce ke ɗaukar zafi ta fashe.

Tun da yawancinmu tayoyin gwanjo muke saye, akwai abu biyu da ya kamata mu iya karantawa. A gefen kowace taya da aka yi tun daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta kai shekara goma a bar ta, ko da zanenta na nan, domin robar ta bushe. Na biyu, idan an ga hoton dutse mai ƙololuwa uku da tauraruwar ƙanƙara a ciki, wannan tayar hunturun Turai ce. An yi ta da roba mai laushi domin ƙanƙara, a kwaltarmu mai zafi kuma saurin cinyewa take yi. Araha ba ta ado.

Ranar da hazo ya yi kauri har jirage suka kasa sauka a Kano ko Yamai, mai mota ma ba ya hangen nesa. A gwada fitilu duka, musamman na baya da na birki, don su ne ke nuna ka ga wanda ke biye. A cikin hazo ƙaramar fitila ake kunnawa. Babbar tana dawo da haske ne cikin idon direba. Kada a kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, tana karce gilashi. A cika tankin ruwanta, a riƙa yawo da tsumma. Idan mota ta lalace a hanya, a gangara gefe sosai, a sa alama daga nesa, musamman a wannan lokaci da amalanken shanu da na jakuna ke tafiyar dare babu fitila.

Gida da shago

Abin da damina ta zaizaye a katanga da soro, yanzu ne lokacin yaɓe shi, tun tabkuna da kududdufai ba su ƙafe ba, ruwan kwaɓa bai zama na saye ba. A hau rufin kwano a buga kusoshin da suka ɗago, don iska na samun kafa ɗaya za ta yaye falle. A toshe ƙasan ƙofa da gefen taga da tsohon tsumma ko robar tsohon tub, ƙura ta rage shiga kan yara da tsofaffi da masu asma, ta kuma rage ɓata atamfa da kayan shago. A ɗiga mai a hinjin ƙofa. Masu farantin sola su riƙa goge shi da sassafe da tsumma mai laushi, domin ƙura na rage wutar da yake bayarwa.

Amma a nan akwai kashedi. Ɗakin da aka toshe ba a kwana da kaskon gawayi a cikinsa, ba a kuma kunna janareta a zaure ko a cikin shago. Gawayi da janareta na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum kan fara da ciwon kai da jiri, daga barci sai a wuce. A ɗumama ɗaki da ƙofa a buɗe, a fitar da kasko, a kashe shi kafin a kwanta.

Sai babbar magana, wato gobara. Ba mu manta da wutar da ta cinye babbar kasuwar Yamai a 1982 ba, ko ta kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016. A shekarar 2021 kaɗai, babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a Janairu, ta Katsina a Maris, sannan a Nuwamba wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Idan rani ya shigo, tartsatsi ɗaya ya isa. Don haka a nome busasshiyar ciyawar da ke kewaye da gida da rumbu da sito, a raba tarin kara da harawa da madafa. A duba wayoyin shago: wadda ɓera ya ci, da wadda aka haɗa da leda, da soket ɗin da ya yi baƙi, duk a canja su, a kuma kashe wuta daga babban makunni idan za a rufe. Masu ajiye jarkokin esansi a ɗaki ko a bayan shago su fitar da su nesa da inda ake kwana da inda ake girki, don tururinsa kaɗai na kama wuta. Wutar mai ba a watsa mata ruwa, yaɗuwa take yi; a ajiye bokitin rairayi, wanda ya samu hali ya sayi tukunyar kashe gobara, ɗaya a mota, ɗaya a shago. A nan Nijar lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18. A koya wa yaran shago.

Kowa ya san iyakarsa

Ba muna cewa kowa ya zama makanike ba ne. Birki da sitiyari da famfon gazuwal da wayoyin cikin mota, da jan wutar gida, aikin masu sana'a ne, kuma ganganci a nan rai yake ci. Haka nan kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota yana dogara da jak kaɗai. Namu shi ne dubawa da gogewa da ɗaurewa, da kai mota gareji tun matsala na ƙarama, a ranar da muka zaɓa da kanmu, ba ranar da ta zaɓa mana a tsakiyar daji ba. Waɗanda suka ga yadda kaya suka yi wuya lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar 2023, sun san amfanin ajiye filta da fanbel da buji tun suna samuwa.

Kowane mako akwai ranar da ba ta kasuwa ba. Mu ware yini guda a cikin wannan wata: safiya ga mota, yamma ga gida da shago, a jawo yara da yaran mota su gani su koya. Kanwa da tsumma da sufana da bokitin rairayi duk suna nan a gida. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mu da gobara, ya sa a ci kasuwa lafiya.