Kanikawan soja: su wa ke riƙe da motocin sintiri a Chadi?

Ɗan'uwa mai fatauci, kai da ke tsallaka gadar Ngeli daga Kusuri zuwa Njamena, ka sha ganin motocin soja ƙirar Toyota suna wucewa da ƙura. To yau zancenmu na masu gyaransu ne.

Tun 1987 sojan Chadi ya yi suna da waɗannan motoci, lokacin da ya fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka riƙa kiran yaƙin da sunan Toyota. Ƙarfinsu gudu ne, gudu kuwa a sahara cin mota yake. Rairayi ya toshe filtar iska, zafi ya tafasa lagireto, gargada ta karya sifirin.

Shi ya sa ake raba horon hawa-hawa. Direba shi ne matakin farko: a koya masa duba ruwa, baƙin mai da taya kowace safiya, kamar yadda makiyayi ke gane saniyar da ba ta da lafiya tun ba ta kwanta ba. Sama da shi akwai bakaniken da ke bin ayari, mai canza birki da kuloci a daji. Sauke inji kuma sai babban gareji. Kowace mota da littafinta, a rubuta ranar juye da abin da aka canza. Bakaniken da bai iya rubutu ba, in aka yi masa canjin wurin aiki, da saninsa yake tafiya.

Jirgi ya fi wuya. Chadi na da Su-25 da Mi-24 ƙirar Tarayyar Sobiyet, ga kuma Hürkuş na Turkiyya, kowane da littafinsa da sifanunsa. Bakaniken jirgi sai ya shekara da shekaru a ƙarƙashin ubangida kafin a yarda ya sa hannu cewa jirgi ya tashi. Ka ga ɗauke irin wannan a kai shi gadin shinge asara ce babba.

A Janairun 2025 Faransa ta miƙa sansanin Adji Kossei, ta kwashe sojojinta. Hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi kuwa tana nan Njamena, aikin sintiri bai ragu ba. Ran da motar sintiri ta mutu a hanyar Bol ko Baga Sola don babu mai gyara, ɓarayin shanu da masu tare hanya ne suke fara sani.