Shadda da baba a bangon Paris da Lyon: darasi ga matasan Zango



A wani zama da muka yi, wani ƙanenmu ya ce shi ba zai gaji ɗinkin hannu daga mahaifinsa ba, wai aikin tsofaffi ne. Maganar ta tsaya mana a rai, domin masu ɗinkin aska takwas a babbar riga suna ta ƙarewa a zangunanmu ba tare da sun bar magada ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani a kan darajar da irin wannan aiki yake da ita yau a Faransa.

Akwai masu fasaha da suke aiki da zare, yadi da rini, amma ba don a sa a jiki ba. Ana rataye aikin a bango, mutane su biya su kalla, masu hali su saya. Abdoulaye Konaté, ɗan Mali da aka haifa a Diré a 1953, shadda yake yankawa siri-siri, a jera a ɗinke, launi ya tashi daga duhu zuwa haske, har ya cika bango. Aboubakar Fofana, haifaffen Bamako da ya girma a Faransa, da ganyen baba yake rini, irin wanda aka san marinar Ƙofar Mata ta Kano da shi. El Anatsui na nan Ghana kuwa murafan kwalba yake haɗawa da wayar tagulla su zama kamar ƙaton mayafi, kuma an baje aikinsa a ginin Conciergerie na Paris a 2021.

Ga wanda Allah ya kai shi Paris, ko yake da ɗan uwa a can, ga wuraren zuwa. Gidan tarihi na Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006, yana ajiye da tufafi da saƙe-saƙen Afirka, kuma shiga kyauta ne ranar Lahadin farko ta kowane wata. Kasuwar baje kolin AKAA, wadda aka fara a 2016 a Carreau du Temple, tana haɗa masu fasahar Afirka da masu saye. Wanda yadi yake nema, ya sauka a Château Rouge a unguwar Goutte d'Or, inda shagunan atamfa da shadda da telolin Afirka ta Yamma suke jere kamar a Nima.

Lyon kuma birnin masaƙa ne. A farkon shekarun 1800 wani ɗan garin, Joseph Marie Jacquard, ya kyautata injin saƙa mai aiki da katuna masu huji. Hujin ne yake nuna wane zare zai ɗaga, wane zai kwanta, da haka fure yake fitowa a jikin yadi. Wannan dabara ta katuna ta taimaka daga baya wajen ƙirƙiro kwamfuta. Furen da muke gani yana walƙiya a shaddarmu ta sallah, da irin wannan inji ake saƙa shi. A unguwar Croix-Rousse, gidan Maison des Canuts yana nuna wa baƙi yadda tsohon injin yake aiki, ƙungiyar Soierie Vivante kuma tana koyar da yara da manya saƙa. A watan Nuwamba ake bikin Silk in Lyon, inda masu alharini suke sayar da kayansu. A 1831 masaƙan wannan unguwa sun yi bore saboda 'yan kasuwa suna karya musu kuɗin aiki. Duk telan da aka taɓa yi wa tayin wulaƙanci ya san wannan zafin.

To ta yaya namu zai shiga? Ba ta hamada ko teku ba. Cibiyar Cité internationale des arts, wadda take Paris tun 1965, tana ba masu fasaha daga ƙasashen duniya masauki da ɗakin aiki na wasu watanni, kuma da hotunan aikin mutum ake nema. A riƙa bibiyar sanarwar Alliance Française a Accra da Kumasi, a kuma koyi Faransanci. Kafin nan, a leƙa Tamale, inda Ibrahim Mahama ya buɗe cibiyar SCCA a 2019. Shi ne a 2024 ya lulluɓe ginin Barbican na Landan da yadin da aka saƙa da hannu, aka ɗinka tsofaffin batakari a jikinsa.

Roƙonmu ga matasa, kowa ya sami dattijo ɗaya mai allura ko masaƙa ya zauna gabansa. A ɗauki hoton kowane aiki cikin haske mai kyau, a rubuta sunan mai shi, shekara da sunan ɗinkin. Iyayenmu kuma, don Allah a buɗe mana ƙofa, a yi haƙuri da hannun ɗan koyo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.