Yadda zaman bita ke goge marubucin waƙa

A yau matashin da ya rubuta waƙa da safe yana iya sa ta a Facebook ko WhatsApp kafin azahar, kuma kafin magariba ya tara yabo daga abokai da 'yan'uwa. Abin da ba kasafai yake samu ba shi ne mutumin da zai ce masa ɗango na uku ya karye, ko kuma baiti na biyar bai ƙara komai a kan na huɗu ba.

Wannan giɓi ne zaman bitar waƙa yake cikewa. Zama ne na marubuta 'yan kaɗan, waɗanda ke haɗuwa lokaci zuwa lokaci a ƙarƙashin jagorancin gogaggen marubuci ko malamin adabi. Kowa yakan zo da waƙar da bai kammala ba, a karanta ta, a feɗe ta, sannan mai ita ya koma ya sake aiki a kanta.

Al'ada mai tushe

Haɗuwar hannaye a kan waƙa ɗaya tsohon abu ne a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta waƙar Tabbat Haƙiƙa da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa kuma ya yi mata tahamisi.

Tahamisi shi ne marubuci ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ƙara masa ɗango uku a farkonsa, ya zama ƙwar biyar. Dole ne ƙarin ya bi karin waƙar ta asali, ya dace da amsa-amonta, kuma kada ya saɓa wa ma'anarta. Duk wanda ya gwada wannan aiki ya shiga makaranta, domin yana auna kalmominsa da na wanda ya riga shi.

A shekarun 1970, birnin Kano ya kasance da ƙungiyoyin marubuta waƙa guda biyu da suka yi suna: ƙungiyar Hikima a ƙarƙashin Alhaji Mudi Sipikin, da Hausa Fasaha a ƙarƙashin Alhaji Aƙilu Aliyu. Ƙananan marubuta sun zauna tare da manya, sun ji yadda ake rera baiti, waƙoƙinsu kuma sun isa kunnen jama'a ta gidan rediyo.

A Kudancin Najeriya, ƙungiyar Mbari da aka kafa a Ibadan a 1961 ta tara marubuta irin su Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J. P. Clark. A 1981 kuma Chinua Achebe ya jagoranci kafa Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wato ANA, wadda rassanta na jihohi ke shirya zaman karatu da sharhi.

Tsarin bitar da ake bi a jami'o'i da dama na duniya kuwa ya yi suna ne daga Jami'ar Iowa da ke Amurka, inda aka buɗe shirin horar da marubuta a 1936. Daga can ne wata ƙa'ida ta yaɗu, cewa mai rubutun ya yi shiru yayin da ake tattauna aikinsa.

Abin da kunne ke kamawa

Dalilin farko da ya sa marubucin waƙar Hausa yake buƙatar kunnen wasu yana cikin yanayin harshen kansa. Karin rubutacciyar waƙa yana tsayawa ne a kan nauyin gaɓoɓi. Gaɓa mai gajeren wasali marar nauyi ce, wadda kuwa ke da dogon wasali, ko ta ƙare da baƙi, mai nauyi ce. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka ido ba ya ganin inda kari ya karye.

Misali, kalmar "mutane" tana da gaɓa uku: ta farko marar nauyi, biyun da ke bin ta masu nauyi. Wannan jeri ya yi daidai da ƙafar karin Mutaƙarab, ɗaya daga cikin karuruwa 16 na ilimin aruli, wanda Khalil bin Ahmad na Basra ya aza harsashinsa a ƙarni na 8. Kalmar "jama'a" ita ma gaɓa uku ce, ma'anarta kuma kusan ɗaya ce da ta "mutane", amma gaɓoɓinta biyu na farko marasa nauyi ne. Idan marubuci ya sa ta a gurbin "mutane", a takarda ba za a ga bambanci ba, amma da zarar an rera ɗangon, harshe zai yi tuntuɓe.

Mai waƙar da kansa ba lalle ya ji wannan tuntuɓe ba, domin ya saba da ita. Yakan ja wasalin da ba na ja ba, ko ya haɗiye gaɓa, ba tare da ya sani ba. Shi ya sa a zaman bita ake ba wani dabam ya rera waƙar, mai ita yana saurare. Duk inda mai rerawar ya tsaya ya sake ɗauko ɗango, akwai abin dubawa a wurin.

Tarihin Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, ya isa hujja a kan wannan. Makaho ne, da kunne ya auna baitocinsa, kuma har yanzu ana rera su. Akwai ma marubutan da ba su bin karuruwan Larabci, sai su ɗauko kari daga waƙoƙin baka, wanda shi ma kunne ne alƙalinsa.

Bayan kari sai amsa-amo. Babban amsa-amo shi ne gaɓar da ke rufe kowane baiti daga farkon waƙa har ƙarshenta, ƙarami kuwa shi ne na ɗangayen cikin baiti. Sabon marubuci yakan zaɓi gaɓa mai sauƙin samu, kamar "wa" ko "ya", sannan ya riƙa cusa kalmomin da ba su da wani aiki sai cika gurbi. Abokan zama ne ke nuna masa inda amsa-amo ya ja shi ya faɗi abin da bai yi niyyar faɗa ba.

Yadda zaman ke gudana

Zama mai amfani ba ya son yawa. Mutum 6 zuwa 10 sun isa, domin kowace waƙa ta sami lokacinta. Yana da kyau a raba waƙoƙin kwanaki kafin ranar haɗuwa, kowa ya zo ya riga ya karanta.

Bayan an rera waƙar, tambayar farko ita ce me masu sauraro suka fahimta daga gare ta. A nan ne shirun mai waƙar ke da amfani. Idan mutum bakwai suka saurari waƙar da aka rubuta a kan tsadar rayuwa, biyar daga cikinsu suka ɗauka waƙar zambo ce ga wani maƙwabci, to jigon bai fito ba. Bayanin baki ba zai gyara wannan ba, domin ranar da waƙar ta fita duniya, mai ita ba zai bi ta gida-gida yana fassara ta ba.

Daga nan sai a bi ta mataki-mataki. Manazarta adabin Hausa sun riga sun shimfiɗa hanya, musamman Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. Ana duba jigo da yadda aka warware shi, sai zubi da tsari, sai salo da sarrafa harshe. Bin wannan tsari yana hana sharhi ya zama "ta yi daɗi" ko "ba ta yi ba", maganganun da marubuci ba zai iya yin komai da su ba.

A ƙarshe ne ake ba mai waƙar dama ya yi tambaya, ya kuma rubuta abin da ya ji.

Aikin jagora

Nauyin zaman yana wuyan jagora. Shi ne ke tabbatar da cewa waƙa ake sharhi a kai, mutuncin mai ita kuma yana nan yadda yake. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma yadda aka faɗi gyaran shi ke sa a karɓa ko a ƙi.

Shi ne kuma ke kula da wanda ba ya magana. A zaman da ya haɗa manya da ƙanana, ko maza da mata, kunya takan hana matashi ya ce baitin dattijo ya karye, takan kuma sa wata ta riƙe waƙarta a jaka har a tashi. Jagora nagari yakan fara sa tasa waƙar a gaba a feɗe ta, domin kowa ya ga babu wanda ya fi ƙarfin gyara.

Haka nan yakan ba da aikin gida mai iyaka: a mayar da waƙa mai ƙwar biyu zuwa ƙwar huɗu, ko a rubuta baiti biyar a kan kasuwa ba tare da ambaton kuɗi ba, ko a yi wa baitin abokin zama tahamisi. Irin wannan ƙunci yana tilasta wa marubuci ya nemo kalmomin da bai saba amfani da su ba.

Inda ake samun matsala

Zaman bita yana iya lalacewa ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce ya koma majalisar yabon juna, kowa ya tashi da farin ciki, waƙoƙi kuma su koma gida yadda suka zo. Ta biyu ita ce kowa ya koma rubutu irin na jagora, har a rasa bambanta muryar wannan da ta wancan. Ta uku ita ce marubuci ya karɓi kowace shawara, ya yi ta yanka da ɗinki har waƙar ta rasa abin da ya sa aka rubuta ta tun farko.

Maganin ta ukun yana hannun marubucin. Idan mutane da yawa suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, to lalle akwai matsala a wurin. Amma yadda za a gyara ta, hukuncinsa ne shi kaɗai.

Akwai kuma batun amana. Waƙar da aka kawo zama ba ta fita ba tukuna, don haka ba a yaɗa ta, ba a kuma ɗaukar baitinta sai da izinin mai ita.

Kafa irin wannan zama ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Aji ɗaya a makaranta bayan an tashi, ko zaure, ko wani ɓangare na ɗakin karatu ya wadatar. Waɗanda ke nesa da juna kuma suna iya aika muryoyinsu ta waya, tunda rerawa ce ginshiƙin aikin.

A kowace ranar 21 ga Maris ana bikin Ranar Waƙa ta Duniya, wadda hukumar UNESCO ta ware tun 1999, kuma marubuta kan taru su karanta waƙoƙin da suka kammala. Zaman bita na sauran ranakun shekara ne, kuma ana gane amfaninsa ne a haɗuwa ta gaba, lokacin da marubuci ya dawo da waƙar nan, aka ba wani ya rera, ya kai ƙarshenta bai tsaya ya sake ɗauko ɗango ba.