Tafiyar Dare a Jeji: Inda Take Ceton Rai da Inda Take Halaka Shi

A ƙarshen watan Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Yara 52 ne, mata 33, sauran maza. Daga Arlit suka taso sun nufi Tamanrasset, motocinsu suka lalace, ruwa ya ƙare, suka bazama a ƙafa neman rijiya. Yawancinsu mutanen yankin Kance ne, a jihar Damagaram. An same su warwatse, nan biyu can biyar, wata uwar da ’ya’yanta a gefenta. Gwamnatin Nijar ta ayyana makokin kwana uku. Allah Ya jiƙansu.

Har yau mutanenmu ba su daina samun kansu a irin wannan hali ba. Akwai waɗanda ake korowa daga Aljeriya a sauke su a bakin iyaka, su taka wajen kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Assamaka. Akwai wanda ya kuɓuce wa masu garkuwa da mutane a tsakiyar daji, da makiyayin da ya bi sawun ɓatacciyar saniya har magariba ta rufa masa. Dukkansu tambaya ɗaya ce a gabansu idan rana ta faɗi: in tashi ko in zauna?

A mafi yawan lokuta zama ya fi. Wanda motarsa ta mutu a hanyar da ake bi, kuma ’yan uwansa sun san inda ya nufa, kada ya yi nisa da motar. Tana ba da inuwa, kuma mai nema ya fi saurin hango ta a kan ya hango mutum ɗaya a fili. Tafiya tana zama dole ne idan babu wanda ya san inda kake, ko ruwa ya kusa ƙarewa, ko kuwa akwai mugu a bayanka.

To idan ta zama dole a hamada, da dare ake yin ta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani masanin aikin jiki, Edward Adolph, ya auna sojojin Amurka a hamadar Kalifoniya, ya fitar da sakamakon a littafi a 1947. Mai tafiya a cikin zafin rana yakan zubar da gumin da ya kai lita guda a kowace awa. Ke nan ’yar jarka mai lita huɗu ba za ta kai shi daga hantsi zuwa la’asar ba. Wanda ya kwanta a inuwa da rana, bai tuɓe rigarsa ba, ya rage magana, sannan ya tashi bayan magariba, wannan ruwan zai kai shi nesa ninkin-ba-ninkin. Sai dai ya tanadi mayafi, domin a watannin Disamba da Janairu sanyin hamada da asuba yakan kusa daskarar da ruwa, ga riga jiƙe da gumi.

Babbar matsalar dare ita ce ɓatan alƙibla, kuma mutum ba ya jin lokacin da ta ɓace masa. A wani gwaji da aka wallafa a 2009, wani mai bincike, Jan Souman, da abokan aikinsa na cibiyar Max Planck da ke Jamus suka ɗaura wa mutane na’urar bin sawu, suka ce su miƙe sak na tsawon awanni, wasu a wani kurmi na Jamus, wasu a Saharar Tunisiya. Waɗanda ke ganin rana sun yi tafiya kusan miƙaƙƙiya. Waɗanda gajimare ya rufe musu ita sai suka riƙa kewayawa suna taka sawunsu, alhali sun yi imani gaba suke yi. Mutum ɗaya da ya yi tasa tafiyar da dare ya riƙe hanya muddin yana ganin wata. Da watan ya shige gajimare, sai ya karkace ya juyo wajen da ya fito. Abin da mutanenmu kan ce aljanu sun ɗauke wa mutum hanya, sau da yawa wannan ne. Ƙafa da kunne ba su iya riƙe miƙaƙƙen layi su kaɗai, sai ido ya sami abin kamawa a nesa.

Madugan ayarin gishiri da ke ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Fachi da Bilma sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa suka haddace sama. Abin da ya fi sauƙin koya shi ne tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa duk dare. A Kano yana ƙasa-ƙasa, kimanin digiri 12 daga inda sama ta haɗu da ƙasa. A Agadas ya kai 17. Miƙe hannunka ka dunƙule shi: tsayin dunƙulen kimanin digiri 10 ne, don haka kada ka neme shi a tsakar ka. Akwai wasu taurari bakwai masu siffar ludayi, waɗanda Abzinawa ke kira taguwa. Biyun da ke bakin ludayin suna nuna tauraron arewa kai tsaye. Idan hazon hunturu ya rufe ƙasan sama, nemi taurarin nan uku da ke jere reras, masu haske kusan iri ɗaya. Daidai gabas suke fitowa, daidai yamma suke faɗawa. Duk wani tauraro ban da na arewa kuwa tafiya yake yi, digiri 15 a kowace awa. Wanda ya kafa wa guda ido tun isha’i har tsakar dare, zai bi shi ya lanƙwasa. Sai a riƙa sauya shi duk bayan kamar minti 20, ana gwada sabon da arewa.

Wata ma lissafi gare shi, kuma duk wanda ya san kwanan watan Musulunci ya riga ya san rabinsa. Daren 14 yana fitowa da magariba, ya raka ka har asuba. Daga nan kullum yana jinkiri da kusan minti 50, har zuwa daren 21 ko 22 ba ya ɓullowa sai tsakar dare. A makon farko kuwa da wuri yake faɗuwa. Mai hankali yakan tsara tafiyarsa ta faɗa cikin farin wata, ya huta a cikin duhu. Idan wata da taurari duk sun ɓuya, babu abin kamawa, to a zauna. Kowane taku daga nan asarar ƙarfi ne.

Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, haska fuskar waya sau ɗaya kuma yakan rushe wannan. Idan dole a kunna tocila, a rufe ido ɗaya, a riƙe ta ƙasa daidai gwiwa, don ramuka da duwatsu su fitar da inuwarsu. Da dare gefen ido ya fi tsakiyarsa gani. Abin da kake shakka a kansa, duba kusa da shi kaɗan, zai fi fitowa. Mai gudun miyagu kuma ya sani cewa ana hango tocila daga nesa ƙwarai.

Duk wannan zancen fili ne. Dajin da ke da ciyawa da duwatsu da fadama, musamman da damina, hukuncinsa daban, domin a can dare lokacin maciji ne. Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, da yamma take fitowa farauta. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa. Kasa kuwa kwanciya take yi a kan turba ba ta motsi, sai an taka ta. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara ne saboda yawan waɗanda ake kai masa da irin wannan sara, kuma akasari a ƙafa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara. Takalmi mai rufe ƙafa da dogon wando suna rage haɗarin sosai. Sai sanda: a riƙa tura ta gaba ana bubbuga ƙasa kafin a ajiye ƙafa. Ita ce za ta gaya maka akwai tsohuwar rijiya, ko ramin masu haƙar zinariya, ko bakin kwazazzabo. Kada a ɗaga ƙafa a tsallake gungume ba a ga bayansa ba, kada a cusa hannu a ƙarƙashin dutse, a kuma kakkaɓe takalmi kafin a saka saboda kunama. Idan ƙaddara ta faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau. A hana ta motsi, a ɗauki mutum zuwa inda ake da allurar kashe dafi. Bayan maciji kuma, cikin busasshiyar korama yana da daɗin bi, amma ruwan da aka yi can nesa yakan iso ta cikinta ba sallama.

Idan jama’a ne, a jeru, mai rauni da yara a tsakiya, mai ƙarfi a baya, a riƙa ƙirga kai a duk hutu. Rabuwa ita ce farkon asara. Kuma a riƙa tsayawa ana saurare, domin sauti yana tafiya nesa da dare: haushin kare, ƙarar injin niƙa ko janareta, carar zakara, kiran sallar asuba. Jar fitilar da ke kan dogon ƙarfen sadarwa ma alama ce ta gari ko titi.

Akwai wani haɗari da zamaninmu ya ƙaro. Ƙauyen da ya sha hare-hare ba ya tambayar baƙon da ya ɓullo daga daji ƙarfe biyun dare. ’Yan banga na iya harbi kafin ya buɗe baki. Wanda ya hango gari ya daure, ya nemi wuri ya zauna har gari ya waye, sannan ya fito ta kan hanya, hannuwansa a bayyane, yana ɗaga murya da sallama.

Ina kira ga direbobin dogon zango, da shugabannin tasha, da iyaye masu sallamar ’ya’yansu ci-rani: kafin mota ta tashi, a tabbata wani a gida ya san hanyar da za a bi da ranar da ake sa ran isa, a kuma ɗauki ruwa fiye da na kwanakin tafiyar. Kai kuma mai karatu, a daren da sama ta washe, fita da yaranka tsakar gida ka nuna musu tauraron arewa.